Kurfai: ƙasar da kogi ya bar wa tabkuna

Daga Yamai zuwa Filinge tafiyar kilomita 180 ce ko kusa da haka, a kan hanya mai lamba 25. Matafiyin da ya bi ta cikin watan Afirilu, tun fitarsa babban birni har saukarsa tashar Filinge, ba zai ƙetare ko ƙorama ɗaya mai gudu ba. In kuwa ya sake bin ta cikin malkar Agusta, sai ya rantse an canza masa ƙasa: kowane kwazazzabo ya cika ya batse, jan ruwa na gangarowa daga duwatsu da rugugi, motoci sun yi layi suna jiran ya sauka. Tsakanin waɗannan watanni biyu ne dukan zancen ruwa a ƙasar Kurfai yake. Ruwa na zuwa, wani lokaci har ya yi ɓarna, amma ba ya zama. Abin da ya rage bayan wucewarsa, wato tabkuna, shi ne jarin da mutum da dabba za su ci har wata damana.

Gadon tsohon kogi

Garin Filinge, cibiyar ƙasar Kurfai cikin jihar Tilaberi, yana zaune ne a gindin duwatsu, bakin wani makeken kwari da ake kira Dallol Bosso. Kalmar dallol ta Fulatanci ce, ma'anarta kwari. Can kudu, wajen Birnin Gaure, Boboye ake ce da shi. Dubban shekaru da suka shige, zamanin da Sahara ke da ciyawa da kifi, babban kogi ne ke bin wannan kwari: ya taso daga wajen duwatsun Abzin, ya ratsa Azawak, ya gangaro kudu ya faɗa kogin Isa kusa da Bumba, kan iyakar Nijar da Benin. Da sama ta canza hali sai kogin ya ƙafe, rairayi ya binne gadonsa, amma siffarsa ba ta ɓace ba. Wanda ya hau dutse a bayan gari da sassafe zai ga kwarin shimfiɗe a gabansa, faɗinsa kilomitoci da dama, ga gawo ga goriba, gaɓoɓinsa biyu na jan dutse sun sa shi tsakiya.

Wannan siffa ta ƙasa ita ta raba arzikin ruwa a yammacin Nijar. Ƙididdigar hukumomin ruwa ta nuna cewa ruwan da ke gudana bisa doron ƙasar nan ya kai kimanin mita kubik miliyar 30 a shekara, amma kusan dukansa na kogin Isa ne da rassansa na hannun dama, irin su Gorwal, Dargol, Sirba da Mekru, masu fitowa daga Burkina Faso da Benin. A hannun hagu, inda Kurfai take, babu reshe ko ɗaya da ke kai wa kogi ruwa shekara zagaye. Hukumar kogin Isa ta ƙasashe 9, wadda aka kafa a 1980 take da mazauni a Yamai, da madatsar Kandaji da aka aza harsashinta a 2008, duk manyan al'amura ne, amma ruwansu ba ya hawa tudu ya iso Filinge. Rabon Kurfai na cikin wani lissafi daban: tabkuna sama da 1000 da aka ƙidaya a faɗin Nijar, waɗanda 175 kaɗai daga cikinsu ba sa ƙafewa. Sauran duk baƙi ne, su zo da damana, su tafi da rani.

Lissafin sama da na rana

A matsakaiciyar shekara ruwan da ke sauka a Filinge yana tsakanin milimita 300 da 400, kuma kusan dukansa na zuba ne cikin wata 3, daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba. Mai karatu na iya raina wannan adadi, amma a duba da kyau. Milimita 1 in ta sauka a kan hekta 1, lita 10,000 ke nan. Saboda haka milimita 350 ta zama lita miliyan 3 da rabi a kowace hekta, wato tano 17,500 mai cin lita 200. Ba ƙaramin ruwa ba ne. Matsalar ita ce ba ya zuwa da yayyafi a hankali. Hadari kaɗan ne ke kawo mafi yawansa, kowanne da ƙarfi, cikin awa ɗaya ko biyu, har ƙasa ta kasa haɗiyewa.

Sai kuma rabon rana. A wannan yanki zafi da iska na iya shanye fiye da mita 2 na ruwa a shekara daga duk wani buɗaɗɗen wuri. In aka ƙaddara tabki na rasa milimita 7 a kullum, to mai zurfin mita 1 a ƙarshen Oktoba zai ƙafe cikin kwana 140 ko kusa, wato wajen watan Maris, ko da babu saniyar da ta sa baki, ko da bai tsiyaye ta ƙasa ba. Mai zurfin mita 2 kuwa yana iya kai mutane bakin bazara. Ke nan darajar tabki tana ga zurfinsa, faɗi ba ya ƙara masa kwana. Wannan shi ya sa rairayi ya zama babban abokin gaban tabkunan Kurfai. Duk damana ƙorama na zubo musu yashi, gindi ya taso, ruwa ya bazu ya yi faɗi, ido ya ga kamar an samu ƙari, alhali kuwa an shimfiɗa wa rana shi ne a faranti. Tabkin da dattawa suka san yana kai shanu har Mayu, in aka wayi gari yana tsagewa tun Janairu, ba lalle ne sama ce ta yi rowa ba. Sau da yawa yashi ne ya ci zurfinsa.

Abin mamakin Wankama

Daga ina wannan yashi yake fitowa? Amsar na bisa hanyar da matafiyi ya riga ya biyo. Kafin ya sauka cikin dallol, sai ya ratsa tudun da ke tsakanin kogi da Baleyara, ya wuce Hamdallaye, ya wuce Wankama. Wankama ƙauye ne kamar kowane ƙauye, amma masana ruwa na ƙasashen duniya sun san sunansa, domin tun babban binciken HAPEX-Sahel na 1992, wanda cibiyar bincike ta Faransa ORSTOM, wato IRD ta yanzu, ta yi tare da masanan Nijar da na wasu ƙasashe, ake ta auna tabkunan wannan yanki da rijiyoyinsa. Abin da aka gano ya saɓa wa tsammanin kowa. Daga ƙarshen shekarun 1960 har cikin shekarun 1990 ruwan sama ya ragu a Sahel, fari ya bi fari, amma ruwan rijiyoyin wannan tudu hawa ya yi ta yi: kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Tabkuna ma ƙaruwa suka yi.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Da masana suka gwada hotunan jirgin sama na 1950 da na 1992, sai suka ga an share kusan kashi 80 cikin 100 na dajin yankin da suka duba, hanyoyin da ruwa ke bi kuma sun ninka sau 2 da rabi. A da, dajin kan tudu yana tsirowa ne layi-layi: layin geza da sabara da taramniya, sai fili, sai wani layin. Ruwan da ya faɗi a fili sai ya gangara kaɗan, layin itatuwa ya tare shi ya sha. Da aka sare itatuwa, ɗigon ruwa ya riƙa dukan ƙasa tsirara har ta yi ɓawo, ta zama faƙo. Ruwa ba ya shiga faƙo. Gudu yake yi, ya haɗu da ɗan'uwansa, ya tsaga kwazazzabo, ya kwashi ƙasar gona ya kai tabki. Can ne wani sashensa ke nutsewa ya ƙara wa rijiyoyi. Ashe ruwan da rijiya ta samu, gona ce da daji suka rasa shi.

Yankin da aka auna yana kudu maso yamma da Filinge, amma tudun iri ɗaya ne, faƙon iri ɗaya ne, dalilan ma ba su bambanta ba. Ƴan Nijar ba su wuce miliyan 3 da ɗoriya ba a 1960. Ƙidayar 1988 ta samu miliyan 7 da ƴan kai, ta 2012 ta samu miliyan 17. Bakuna sun ƙaru, gonaki sun hau gangaren duwatsu, saurar da ake bari ta huta shekaru yanzu da ƙyar take samun damana ɗaya. Ga kuma manyan motocin icce da ke ɗibar daji suna kai wa murhun Yamai. Dokar watan Agusta 1992 da ta kafa kasuwannin icce na karkara ta mayar wa ƙauyuka iko da dajinsu, don su samu kuɗi su kuma kiyaye shi, amma abin da gatari ya yi cikin shekara 40 ba ya gyaruwa da takarda.

Cikin dallol

A Baleyara, cibiyar ƙasar Tagazar mai shahararriyar kasuwar dabbobi ta ranar Lahadi, hanya ke sauka cikin kwari, daga nan ta miƙe arewa. Nan take ido zai ga bambanci. Jan faƙo ya ƙare, farar jigawa ta fara, itatuwa sun yi girma, garake sun yi kore ko da tsakar rani. Dalili shi ne tsohon kogin bai tafi duka ba: ruwa na nan kwance cikin yashinsa, a wurare da yawa gaba biyu ko uku kawai mai haƙa zai yi ya tarar da shi. A Bonkuku, cibiyar ƙasar Imanan, wannan ruwa ne ya mai da noman dankalin Turawa sana'ar gari, har kasuwannin Yamai suka san shi da sunan wurin. Magidancin da a da yake tafiya cin rani gaɓar teku da an gama girbin hatsi, yanzu yana iya zama gida ya riƙe garka.

Sai dai ruwan da ke ƙarƙashin dallol ba kyauta ce marar iyaka ba. Shi ma ɗan sama ne: abin da ƙoramu suka zubo, abin da tabkuna suka tsiyayar, shi ke sabunta shi kowace shekara. Da guga da wasaki mutum ba ya iya ɗibar fiye da ƙarfin damtsensa. Yau kuwa injin ban ruwa ya yi arha, kowa na iya haƙa ƴar rijiyarsa ya kunna, babu mai auna abin da aka ɗiba. A wani gefen kuma, inda ruwan ya taso kusa da doron ƙasa ƙwarai, kamar wasu fadamun Boboye, rana na jan shi sama ta bar kanwa a baya, gona ta yi fari ta mutu. A shekarar 2004 aka sa Dallol Bosso cikin jerin wurare masu dausayi na yarjejeniyar Ramsar ta 1971, shaidar cewa duniya ta san darajarsa. Amma rubuta suna a kundi ba ya tare yashi.

Shekarar tabki

Wanda ke son ya san abin da tabki yake nufi ga Bakurfaye, sai ya bi shi wata-wata. Cikin Yuli da Agusta, da ya cika, mata na hutawa da jan guga, yara na iyo, dabbobin gari na sha kusa da gida. Da kaka ta yi, garkunan da suka yi damana a arewa su fara sauka, Fulani da Buzaye, shanu da tumaki da raƙuma, kowa na neman mashaya. Da sanyi ya shigo ruwa ya fara ja da baya, sai masu garka su bi danshin da ya bari da wake da kabewa da tumatir da rogo. Masu yin tubali na gefe ɗaya suna kwaɓa laka, masu wanki na wani gefen. Kafin bazara, in tabkin ya ƙafe, a haƙa ƴan ramuka cikin gindinsa a bi sauran ruwan da ya ɓuya a yashi. Wuri ɗaya, sana'a biyar ko shida, kowace na ganin ita ta fi cancanta.

Ruwan tabki kuma yana da nasa haɗari. Shekara da shekaru kurkunu ya riƙa kwantar da manoma daidai lokacin noma, domin ƙwayarsa na cikin ruwan da ake sha ba a tace ba. Da tacewa da ƙyalle, da hana mai ciwo shiga ruwa, da gina rijiyoyi da famfuna, Nijar ta ga mutum na ƙarshe da ya kamu da kurkunu a cikin ƙasar a 2008, hukumar lafiya ta duniya kuma ta ba ta shaidar rabuwa da shi a 2013. Wannan nasara ta nuna abu ɗaya mai muhimmanci: in ƙauye ya yarda da ƙa'ida a bakin ruwa, ya ga amfaninta da idonsa, to zai riƙe ta. Tsargiya da zazzaɓin sauro dai suna nan, suna jiran irin wannan himma.

Tukunus da iyakar gona

Kimanin kilomita 20 arewa da Filinge akwai Tukunus, inda tun 1954 gwamnati ke da tashar kiwo da zaɓen shanun Azawak, jajayen shanun nan masu nono da har ƙasashe maƙwabta ke nema. Daga nan zuwa Abala da Sanam gonaki na raguwa, makiyaya na ƙaruwa. Dokar ranar 26 ga Mayu 1961 ta ja layi a taswira ta ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce, ba ta noma ba. Kurfai na kusa da bakin wannan layi, shi ya sa ta zama ƙofa: duk garken da zai hau arewa da damana ko ya sauko da kaka, sai ya bi ta dallol, sai ya sha a tabkunansa. Gonaki kuwa sun daɗe da tsallake layin. Inda burtali yake a da, an shuka hatsi. Inda mashaya take, an kewaye da ƙaya an yi garka. Makiyayin da ya yi kwana biyu yana kora ya iso ya tarar da ruwa a gabansa ba hanyar isa gare shi, shi da mai garkar kowa na da hujja, kowa kuma na da sanda. Ƴan Nijar ba su manta da abin da ya faru a Toda ta jihar Maraɗi ba cikin Oktoba 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100.

Doka ba ta yi shiru ba. Ranar 2 ga Maris 1993 aka sa hannu kan dokoki biyu tagwaye, ta tsarin karkara da ta tsarin ruwa. Ta farkon ta ba makiyaya haƙƙin amfani da makiyaya da mashaya tare da kowa, ta amince cewa wanda ya saba zama a wuri yana da fifiko, ba tare da ya hana baƙo ba, ta kuma tanadi kwamitocin kula da filaye da jama'a ke kira Kofo. A 2010 aka sake dokar ruwa ranar 1 ga Afirilu, aka fito da dokar kiwo ranar 20 ga Mayu, wadda ta ce yawon kiwo haƙƙi ne, kuma ba a toshe wa dabba hanyar zuwa ruwan jama'a. A 2017 gwamnati ta amince da tsarin ƙasa na tafiyar da albarkatun ruwa baki ɗaya, mai bin ƙa'idojin da aka tattauna a tarukan Dublin da Riyo na 1992: a kula da ruwa bisa yadda yake gangarowa, daga tudu zuwa kwari, kuma masu amfani da shi su samu ta cewa.

Takardun suna da kyau. Abin da ya rage shi ne su sauka bakin tabki, su zama turakun siminti da ke nuna burtali, da ranar sakin gonaki da kowa ya sani, da wurin shan dabba dabam da na ɗiban mutane. A nan tarihin Kurfai na da abin faɗa. Kurfayawa ba su saba da sarki ɗaya mai iko a kan kowa ba kafin zuwan Turawa. Da Faransawa suka ɗora Gado Namalaya bisa ƙasar, a 1925 sai wata mata ƴar Shikal mai suna Shibo ta ja gaban ƴan Babule, waɗanda daga baya aka sani da Hauka, suka ƙi masa biyayya. Mutanen da kakanninsu suka yi haka, ba a kawo musu ƙa'ida daga ofis a ce su bi. Sai an zauna da su, da mai gari, da arɗo, da shugaban Buzaye, da matan da ke ɗiban ruwa.

Ana ceton tabki daga tudu

Yunwar 1931 ta yi wa yammacin Nijar kaca-kaca, farin 1973 ya ƙarar da garkuna, na 1984 ya zo ya ƙarasa. Janar Seyni Kunce, ɗan Fandu ta ƙasar Tondikandiya, maƙwabciyar Kurfai, wanda ya riƙe mulki daga 1974 zuwa 1987, ya san wannan ƙishirwa tun yana yaro. A zamaninsa aka yi taron Maraɗi na yaƙi da hamada cikin Mayu 1984, a shekarar kuma aka yi kiran jama'a zuwa noman rani a bakin kowane tabki da kowace fadama. Noman rani ya ceci rayuka da yawa, amma ya ƙara yawan masu neman tabki ba tare da ya ƙara masa zurfi ba.

Maganin ya ɓullo ne daga wani gefen. A Keita ta jihar Tawa, aikin haɗin gwiwar Nijar da Italiya da hukumar abinci ta duniya da aka fara a 1984 ya nuna cewa in aka fara daga kan dutse, aka tare ruwa tun yana ƙarami, kwari na farfaɗowa. A Illela manoma suka ɗauko dabarar tassa bayan ziyarar da wasunsu suka kai Yatenga ta Burkina Faso a 1989: a haƙa ƙananan ramuka cikin faƙo, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanya, hatsi ya fito inda ko ciyawa ba ta fita. A arewacin Tilaberi, har da Filinge, furojen PASP mai tallafin Jamus ya yi aiki daga 1991 zuwa 2003, yana koya wa ƙauyuka jera duwatsu bisa layin da bai karkata ba, da haƙa rabin wata, kimanin 300 a hekta, da ramukan dashen itatuwa a gangare. Duk hikimar ɗaya ce: a mayar wa tudu layukan da gatari ya share. Ruwan da aka rage wa gudu ba ya ɗaukar yashi, wanda ya shiga ƙasa kuma rana ba ta ganinsa.

Wannan ne ya sa masu sanin aikin ke fifita ƙananan shingayen dutse da ke baza ruwa cikin kwari ya nutse, a kan babbar madatsa mai tara shi a fili. Yashe tabki ma yana da amfani, amma da sharaɗi biyu. Na farko, kada a zurfafa har a huda lakar da ke riƙe ruwan, domin in an huda ta tabkin ya zama rariya. Na biyu, kada a yashe ƙasa a bar sama: in kwazazzabon da ke zubo yashi yana nan buɗe, cikin ƴan damuna kaɗan kuɗin ya koma ƙasa. An gani a wurare da dama, musamman bayan ƙananan madatsun da aka yi ta ginawa a faɗin ƙasa cikin shekarun 2000, cewa gini ya fi gyara sauƙi. Furoje na da ranar rufewa, ƙorama ba ta da ita. Inda aka yi aiki don abinci ko don kuɗin yini kawai, da an daina biya sai duwatsu su watse. Inda kuwa mai gona ya tabbata cewa faƙon da ya raya nasa ne, zai ci hatsinsa, ɗansa ya gada, can ne jerin duwatsu ke tsaye har yau.

Abin da ke gaba

Lokaci ba ya jira. Masana yanayi sun tabbatar cewa manyan hadura masu ƙarfi sun ƙaru a Sahel tun shekarun 1980, kuma damanar 2024 ta nuna abin da hakan ke nufi: ambaliya ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan 1 da rabi, cikin Agusta har ta yanke manyan hanyoyin shiga Yamai. Ga kuma rashin tsaro. Tun 2012 ƴan gudun hijirar Mali suka sauka Abala, a 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a can, makiyaya da yawa sun daina isa wuraren da suka saba damana, dabbobi sun cunkushe a kudu, tabki ɗaya na ɗaukar nauyin da uku ke ɗauka a da. Inda ruwa ya yi kaɗan, adalci kuma ya yi nisa, nan masu ɗauke da makamai ke samun masu saurarensu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kurfai ba ta roƙon a kawo mata kogi. Abin da take bukata bai fi ƙarfin ƙasa ba: a san kowane tabki da zurfinsa da tudun da ke zuba masa, a kafa ma'auni a riƙa dubawa, a ware wa ƙananan hukumomin Filinge, Shikal, Bonkuku da Damana kuɗin gyara kowace shekara ba sai an jira baƙo ba, a ba Kofo abin hawa da ikon zartar da abin da aka amince, a kuma sa mai garke da mai garka da mai tulu cikin shawara tun daga farko. Sauran aikin na gayya ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk dutsen da aka jera a kan tudu cikin rani kwana ne aka ƙara wa tabki a kwari. Allah ya ba da damana mai albarka, ya kuma ba masu ita basirar riƙe ta.